Raɓa a Hanyar Kuyello

Tsakanin Kaduna da Birnin Gwari akwai tazarar kilomita 120 da 'yan kai. Wannan lissafin taswira ne, kuma shekara fiye da goma babu direban da ya yi aiki da shi. Masu bin hanyar sun ƙirƙiro nasu ma'aunin: mota nawa ta fito daga can tun safe, wa ya wuce jiya da la'asar, me ya gani, a wace kwana aka tare mutane makon jiya. Idan direba ya yi tafiyar minti goma bai haɗu da motar da ke zuwa daga gabansa ba, sai ya gangara gefe ya kashe inji, domin titin da ya yi tsit ba hutawa yake yi ba. Da wannan ma'auni, tafiyar kan zama ta sa'a uku, ko ta yini guda, ko kuwa ta wata biyu a cikin daji da igiya a ƙafa.

Hanyar ba ƙarama ba ce a tarihin Arewa. Ita ce tsohuwar hanyar Legas, wadda ke ratsa Birnin Gwari ta faɗa Tegina, ta wuce Mokwa, ta haye kogin Kwara a gadar Jebba. Ta nan shanu da wake da albasa suke gangarawa kudu, goro da manja su hauro. Garuruwan da ke bakinta da ita suka rayu, kamar yadda na bakin kogi suke rayuwa da ruwa, kuma da ta kafe duk sun ji a jikinsu. A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi taron sulhu da wasu shugabannin 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara wadda ta shafe shekaru a rufe. Motoci suka fara komawa hanya da kaɗan-kaɗan, kamar mai jinyar da ke koyon tsayuwa. A cikin watan Janairu na 2025, wata biyu bai cika da sulhun ba, motarmu ta shiga sahu.

Mu takwas muka tashi daga Kaduna. Shugabar tafiyar wata malamar kiwon lafiyar al'umma ce da muke kira Anti, mace mai taƙaita magana wadda ba ta rabuwa da littafin lissafi. Akwai wani dattijon makanikin famfo da ya yi ritaya daga aikin ruwan karkara, muna ce masa Malam. Akwai ɗalibai uku masu karatun injiniya, da wata budurwa da za ta tattauna da mata kan tsabtar ruwa. Sai ni, da na kammala digirin nazarin duwatsu da ƙasa a Zariya, na gama bautar ƙasa, ina zaman jiran aikin da bai san ina jiransa ba. Na takwas ɗinmu direba ne, haifaffen Birnin Gwari, wanda kowa ke kira Baba. Kuɗin tafiyar karo-karo ne: abin da tsofaffin ɗalibai suka tara a zauren WhatsApp, da abin da aka jefa a kwali bayan sallar Juma'a. Aikin kuwa mai sauƙin faɗa ne. A wasu ƙauyuka uku na yankin Kuyello akwai famfunan tuƙa-tuƙa da suka daina ba da ruwa, za mu gyara su, mu koya wa samarin wurin yadda ake gyaran.

Mahaifiyata ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da dabino a leda, ta ce in saka tsohuwar rigata, in bar agogo a gida. Na lura kowa a motar irin shirin da aka yi masa ke nan. An goge saƙonnin banki daga waya, an bar katin shaida a aljihun tebur, ɗaya daga cikin injiniyoyinmu har tabarau ya cire don kada a ɗauke shi ɗan wani. Al'ummar da ta koya wa 'ya'yanta yin shigar talauci kafin su hau titi ta sha wuyar da ba a rubuta ta a rahoto.

Ba mu yi sammako ba. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san sammako shi ne tafiya, amma a wannan hanya an daɗe da soke karin maganar. Sai da rana ta ɗaga, motocin farko suka iso daga Birnin Gwari da labarin lafiya, sannan Baba ya tayar da bas ɗin, wata Toyota Hiace da aka cire wa kujerun baya aka shimfiɗa bututu da sandunan ƙarfe. Kafin ya saka giya ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

“Samari, in an tsayar da mu aka tambaye ku ko ku su wane ne, me za ku ce?”

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya amsa da abin da muke kiran kanmu tun a Kaduna: masu aikin sa-kai.

Baba ya girgiza kai. “Wannan kalmar ku bar ta a nan Mando, in mun dawo kwa ɗauka. Daga Buruku zuwa gaba, ɗan sa-kai shi ne mai bindigar toka da layu a damtse. Ku masu gyaran famfo ne. Ko soja ya tambaya, ko wanda ba soja ba.”

Na daɗe ina juya wannan gargaɗi a raina. A birni, sa-kai kalma ce mai tsabta: mutum ya ba da lokacinsa da ƙarfinsa ba don lada ba, jikar aikin gayya ce da kakanninmu suke yi a gonar marar lafiya ko a jinkar ɗakin gwauruwa. A dajin da ya haɗa Kaduna da Katsina da Zamfara da Neja kuwa, 'yan sa-kai su ne mutanen gari da suka ɗauki makami don kare kansu lokacin da hukuma ta yi nisa. Wasu sun tsare garuruwansu da rayukansu. Wasu sun kashe makiyayan da ba su ji ba ba su gani ba a tsakiyar kasuwa, suka ƙara wa wutar fetur. Kalma guda, a bakin wani jarumta, a kunnen wani gaba ce ta jini. Ban san wani darasi a jami'a da ya nuna mini abin da rikici ke yi wa harshe kamar waɗannan jimloli uku na Baba ba.

Daga fita Mando hanyar ta fara karanto tarihinta. Ga mashigar Afaka, inda aka kwashe ɗalibai 39 na kwalejin gandun daji a watan Maris na 2021. Bayan Buruku gidaje suka fara ja da baya, daji ya matso bakin kwalta. Hunturu ne, hazo ya rufe nesa, ciyawa ta bushe ta yi launin tsohuwar tabarma, an ƙone ta a wasu wuraren don a riƙa hango abin da ke tafe. Kwaltar ta farfashe, manyan motoci sun haƙa ramukan da dole direba ya rage gudu har ya kusa tsayawa. Baba ya ce ramukan nan sun yi wa ɓarayin daji aikin da yaransu ba su yi musu ba, domin ba sai an gindaya itace a titi ba, titin da kansa yake tare mota. Gefe-gefe akwai gawawwakin motoci da suka yi tsatsa, wasu haɗari ne, wasu ba haɗari ba, kuma shi ya san labarin kowace. Ba ya faɗa sai an tambaye shi, mu kuwa bayan ta uku muka daina tambaya.

A shingayen sojoji amsa ɗaya muka riƙa bayarwa, su leƙa su ga bututu, su ɗaga mana hannu. Muka wuce Udawa. Da muka iso Kuriga motar ta yi shiru ba tare da wani ya ce a yi ba. A nan ne ranar 7 ga Maris, 2024, aka kora yaran makaranta cikin daji da safe, ana tsaka da taron asambili; bayan mako biyu da 'yan kwanaki aka dawo da 137. Duniya ta ji sunan garin na ɗan lokaci, ta manta. Abin da na gani ta taga shi ne yara da tallar gyaɗa da rake suna bin motoci a guje, wata yarinya da hijabi shuɗi tana dariya don ta riga 'yan'uwanta isa tagarmu. Anti ta sayi gyaɗar da ta fi ƙarfin cinmu, ba ta karɓi canji ba, kuma ba ta rubuta wannan a littafin lissafinta ba.

Daga nan ne gardama ta tashi, kuma ba ta kwanta ba har muka shiga Birnin Gwari. Ɗaya daga cikin injiniyoyin ya ce shi sulhun nan bai kwanta masa ba. An yi irinsa a Katsina a zamanin Masari, an yi a Zamfara a 2019 a zamanin Matawalle, duk aka koma gidan jiya. Ta yaya wanda ya kashe, ya ƙone, ya karɓi kuɗin fansa zai shigo kasuwa ya sayar da sa, wanda aka kashe wa uba yana tsaye yana kallo? Ina shari'a? Malam makaniki ya ce shari'a gaskiya ce, amma mai jin yunwa ba ya jiran alƙali, kuma gwamnati ta ce ba ta biya kowa ko sisi ba. Yaron ya ce ko ba a biya da kuɗi ba an biya da shiru.

Baba bai tsoma baki ba sai da aka nemi ra'ayinsa. Ya ce, “Ɗana, duk abin da ka faɗa haka yake. Ƙanina ma a hanyar nan ya tafi. Amma bana na ga masara a gonar da rabonta da garma shekara bakwai. In ka ce in zaɓa, ban san me zan ce maka ba. Ni dai ina tuƙi.”

Ni a raina na fi karkata ga yaron, har yau kuma ina ganin sulhun da babu hisabi a cikinsa bango ne da aka yi wa yaɓe ba a gyara tushensa ba. Sai dai na lura da wani abu da ya hana ni ɗaga murya: duk masu zafin ra'ayi a motar, har da ni, muna da gidan komawa a Kaduna ranar Lahadi. Baba ne kaɗai zai sake bin hanyar ranar Litinin.

Mun kwana a Birnin Gwari, domin ƙa'idar ita ce la'asar ta same ka a cikin gari. Mun yi gaishe-gaishen da suka wajaba, aka sanar da waɗanda ya kamata su san da zuwanmu, aka haɗa mu da jagora, wani malamin firamare ɗan asalin Kuyello. Garin ya ba ni mamaki da hayaniyarsa: tireloli cike da buhunan masara, masu shayi har dare, shanu ana lodinsu. Masarautar, ƙarƙashin Sarki Malam Zubairu Jibril Maigwari na Biyu, ta ga abin da ba kowace ƙasa za ta gani ta tashi ba. An harbe masallata a Dogon Dawa da asuba a watan Oktoba na 2012. An kashe mutane da dama a Gwaska a watan Mayu na 2018. A 2021 an katse layukan waya na tsawon makonni, an hana hawa babur. A 2022 'yan Ansaru sun yi ƙarfi a gabashin masarautar, wajen Damari, har suna hana harkar siyasa. Gabas ɗin nan kuwa, inda Dogon Dawa da Kutemeshi da Tabanni da Kuyello suke, can muka dosa da safe.

Muka kama hanyar Funtuwa. A nan ne idona na ɗalibin duwatsu ya farka, na ɗan manta da tsoro. Ƙasar Birnin Gwari sananniya ce a ajinmu, domin akwai wani zirin dutse da aka raɗa wa sunanta, irin dutsen nan mai ɓarewa falle-falle kamar shafukan tsohon littafi. A cikin jijiyoyin farin dutsen da suka ratsa shi ake samun zinariya, wadda ake haƙa tun zamanin Turawa a wajen Tsohuwar Birnin Gwari, wadda kuma ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka jawo wa yankin baƙin da bai gayyata ba. Shekara huɗu ina zana wannan dutse a takardar jarrabawa, ba a taɓa kawo mu mu gan shi ba saboda hanya. Ga shi yanzu a bakin titi, awaki na tsalle a kansa. A bayanmu, ta yamma, gandun dajin Kamuku ne, wanda aka mayar na ƙasa a 1999, dajin doka da kaɗanya da ɗorawa inda a da ake zuwa kallon giwa da gwanki, ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara babu katanga a tsakani. An keɓe shi don namun daji su sami mafaka, wasu suka riga su.

Irin wannan ƙasa rowar ruwa gare ta. Ba kamar yashin Sakkwato ko na Barno ba ce, inda ruwa ke kwance shimfiɗe a ƙarƙashi. A nan dutsen ƙasa tsoho ne, mai tauri, ruwa ba ya zama sai a ruɓaɓɓen saman dutsen da kuma cikin tsagoginsa. Kana iya haƙa rijiyar burtsatse a nan ka sami ruwa, ka matsa taku hamsin ka haƙa ka tashi da ƙura. Saboda haka duk rijiyar da ta dace da tsaga dukiya ce, kuma babu asarar da ta kai a bar ta a rufe don famfon da ke kanta ya mutu.

Abin da ke kashe famfon kuwa abin dariya ne, in da abin dariya a ciki. Yawancin na karkararmu samfurin India Mark II ne, wanda aka ƙera a Indiya a shekarun 1970. A can ƙasa, a ƙarshen bututun, akwai silinda, a cikinta akwai wata 'yar roba mai kama da bakin kofi wadda ke riƙe ruwa idan an tuƙa. Tana cinyewa da aiki, kamar takalmi. Kuɗinta bai kai na kaza ba. Amma kafin a kai gare ta sai an zaro bututun ƙarfe gaba ɗaya, kowane mai tsawon mita uku, a kwance su ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci tara ko goma, da manyan sifanu da maƙala da ƙarti huɗu ko biyar. In hannu ya kuɓuce, duka su faɗa rijiya, an yi asarar baki ɗaya. Shi ya sa daga baya aka ƙirƙiro samfurin Afridev, wanda ake iya zaro robarsa ba tare da an ɗaga bututu ba. To, robar a birni ake sayar da ita, makanikin ma a birni yake. Ranar da hanya ta rufe, robar ba ta zuwa, makaniki ba ya zuwa, famfo ya tsaya, mata da 'yan mata su koma rafi a bakin daji, wurin da ake gudu tun farko. Masu ƙirga ɓarnar 'yan bindiga suna ƙirga gawa da kuɗin fansa da shanu. Ban taɓa jin an ƙirga yaran da gudawa ta ɗauke don wata roba ta kasa yin tafiyar kilomita ɗari ba.

Na kuma fahimci dalilin da ya sa masu neman ƙuri'a suka fi son haƙa sabuwa a kan gyara tsohuwa. Sabuwar rijiya tana da allo, da suna, da hoto. Babu wanda ake yi wa guɗa don ya canza roba.

Daga wata mararraba muka saki babban titi, ƙura ta tashi ja, bututun suka fara kaɗe-kaɗe a bayanmu. Jagoranmu ya koma gaba kusa da Baba. Yana nuna mana kufai: nan gari ne, sun tashi sun koma Funtuwa, nan sun dawo bana, ga sabuwar jinka, nan kuwa sai da suka biya haraji kafin a bar su su girbe abin da suka shuka da hannunsu. Yana faɗa a hankali, kamar mai karanta rajistar aji.

A gangaren wani busasshen rafi, inda dole mota ta taka a hankali, muka gan su. Babura uku a gindin wata ɗorawa, samari shida ko bakwai, rawuna sun rufe rabin fuska, bindigogi rataye a kafaɗa kamar sandar kiwo. Babu wanda ya tare hanya. Ɗaya ya ɗaga hannu kawai, Baba ya tsaya. Na ji Anti tana karanta addu'a ƙasa-ƙasa, ni kuwa harshena ya manne da ganɗa. Jagora ya sauke gilashi ya yi sallama, aka gaisa gaisuwa cikakkiya, da gajiya da iyali da sanyi, kamar an haɗu a ƙofar masallaci. Wanda ya matso bai girme ni ba; ƙila ma na ba shi shekara biyar. Ya leƙa ya dubi bututun, ya dube mu.

“Su wane ne?”

“Masu gyaran famfo ne, daga Kaduna,” in ji jagora.

Ya yi shiru kaɗan. Sannan ya ce, “Akwai wani a wajenmu, can bayan dutse. Ya fi shekara biyu ba ya kawowa. Matanmu na wahala.” Bai roƙa ba, bai kuma yi umarni ba. Ya faɗa, ya ja da baya, ya yi mana alamar mu wuce.

Mun yi tafiyar kusan mil guda kafin wani ya yi numfashi mai ƙarfi. Sai gardamar jiya ta dawo da sabuwar riga. Injiniyan nan ya rantse ba zai ɗaura sifana a famfon da masu kisa za su sha ba, kuɗin marayu da na masallata ne a cikin bututun nan. Budurwar da ke tare da mu, wadda tun Kaduna ba ta ce uffan ba a kan sulhu, ta ce yaran da ke bayan dutsen ba su kashe kowa ba, kuma ba duk wanda ke zaune a ruga ne ɗan bindiga ba. Da yawansu su aka fara sace wa shanu kafin a taɓa na kowa. Malam ya ce shi a shekara talatin na aikinsa bai taɓa tambayar famfo wa zai sha ba, amma kuma bai taɓa shiga inda ba shi da tabbacin fitowa ba. Anti ta rufe littafinta ta ce wannan ba maganar da baƙi za su yanke a cikin mota ba ce.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ina jin karin maganar tun ina yaro a matsayin habaici ga baƙo mai zaƙewa. A wannan gangare na gane lissafi ne kawai: raɓa na sauka da dare, ta jiƙa ganye, hantsi ya ɗauke ta, kaba ce ke nan da rani da damina. Duk abin da muka yanke, na gyarawa ko na ƙi, ba mu za mu kwana da sakamakonsa ba. In mun ƙi, wa zai amsa tambaya bayan ƙurar motarmu ta kwanta? In mun je, wace fassara mutanen gari za su yi wa baƙin da suka fara shayar da waɗanda suka kore su daga gonakinsu? Ɗan agaji yakan zo da kirkinsa a hannu yana ganin ya isa guzuri, alhali mafi tsadar abin da ya zo da shi ita ce damar komawa gida, kuma ita ce ba ya iya raba wa kowa.

Mun shiga Kuyello bayan azahar. Gari ne na manoma, rumbuna da buhunan masara a ƙofar gidaje, babura ko'ina, yara suka bi motar da gudu suna kiran “masu famfo”, domin labari ya riga mu isa. Aka sauke mu a wani aji na makarantar firamare, aka kawo tuwon masara da miyar kuka da ruwa a bokiti. Ruwan ja-ja ne, an bar shi ya kwanta; mun san daga inda aka ɗebo shi da kuma wadda ta ɗebo, muka sha ba mu ce komai ba.

Da la'asar muka tafi ƙauye na farko, muka zube gaban dagaci. Tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya yi fari. Anti ta yi bayanin aikin, sannan ta faɗa masa abin da ya faru a rafi, ba ragi ba ƙari, ta ce, “Ranka ya daɗe, mun kawo maka maganar ne, kai ka san ƙasarka.”

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, “Hajiya, in namu ya tashi, za su zo su sha. Ba za mu hana ba, ba ma iya hanawa. Matansu da namu za su yi layi ɗaya, wata rana a yi faɗa a kan bokiti, faɗan bokiti kuwa yanzu ba ƙarami ba ne. In nasu ya tashi, kowa ya tsaya a wajensa. Amma ku ba za ku je ba. In wani abu ya same ku a can, mu za a tambaya, ta ko'ina. Ku koya wa yaranmu. Ku bar mana ƙarfen nan da robar. Sauran mu za mu zauna mu duba, ba yau ba.”

Washegari da hantsi muka buɗe famfon. Samari shida dagaci ya ba mu, biyu daga cikinsu masu gyaran babur ne, hannunsu ya riga ya san zaren ƙusa. Malam ya ƙi taɓa komai. Ya zauna a kan turmi yana ba da umarni, ya ce wanda aka yi wa gyara kallo ya koya, wanda ya yi da hannunsa shi ya koyi gyara. Aka cire hannun famfon da sarƙa, aka fara ɗago bututu, a maƙale, a kwance, a jingine a kan itace don kada ya taɓa ƙasa. Ni aikina auna zurfin ruwa da igiya da rubutawa: bututu tara, ruwa yana nan daram, bai gudu ko'ina ba duk shekarun nan. Da silinda ta fito aka kwance ta, robar ta cinye har ta zama kamar tsohon zobe. Wata tsohuwa ta karɓa ta jujjuya ta a tafin hannu, ta tambaya ko wannan ce kawai. Aka ce mata ita ce. Ta miƙo ta, ta koma cikin mata ba ta ƙara magana ba.

Kafin azahar aka mayar da komai. Ɗaya daga cikin masu gyaran babur ɗin ya kama hannun famfon ya fara tuƙawa. Ya yi ta tuƙi babu komai sai kukan ƙarfe, har yara suka fara dariya. Can sai ya yi tari, ya tofo jan ruwa mai tsatsa, Malam ya ce a ci gaba, kada kowa ya tara. Sai da aka yi kusan rabin sa'a ana zubarwa kafin ya yi fari.

Da dare, a ajin da muke kwana, Anti ta kunna fitilar waya ta buɗe littafinta don lissafin kaya. Robobi goma sha biyu muka zo da su, an saka biyu, ƙauyuka biyu da suka rage za su ci huɗu. Ta ware shidan da suka saura da sifanu biyu da maƙala ɗaya, ta ce a kai wa dagaci da safe a gaban samarin, a rubuta sunan wanda zai riƙe. A ƙarƙashin sunayen ƙauyuka ukun da ta rubuta da biro tun a Kaduna, na ga ta ƙara layi na huɗu da fensir: bayan dutse. Ba ta sa masa rana ba. Baba, wanda muke zaton ya yi barci, ya yi magana daga kan tabarmarsa ya ce mu yi ƙoƙari mu gama ƙauye na uku ranar Asabar, domin yana so mu wuce rafin nan kafin rana ta karkata.